Mai Son Naman Tattabarar Daji Shi Ya Kamata Ya Fara Ƙirga Ta

Duk lokacin da aka tayar da zancen farautar tattabarar daji, mutane kan rabu gida biyu tun kafin a gama tambaya. Akwai masu ganin cewa harbin tsuntsun da da ƙyar yake kai rabin kilo domin a sa shi a tukunya rashin tausayi ne da ya kamata doka ta hana ɗungurungum, akwai kuma maharban da ke cewa tsuntsayen nan sun yi yawan da ko shekara ɗari aka yi ana harbinsu ba za a ga gurbinsu ba. Ni ina cikin masu cin naman, kuma ban ga laifin mutumin da ya fita daji ya harbo abin da iyalinsa za su ci a daren nan ba. Sai dai a cikin maganganun nan biyu, ta maharban ce ta fi tayar mini da hankali, domin an taɓa faɗin irinta a zauren majalisa, aka yi aiki da ita, kuma duniya ta ga inda ta ƙare.

A shekarar 1857 aka gabatar wa majalisar dattawan jihar Ohayo ta Amurka ƙudurin kare wata tattabarar daji mai yawan ƙaura, wadda masana ke kira Ectopistes migratorius. Kwamitin da ya duba ƙudurin ya ba da rahoton cewa tsuntsun ba ya bukatar wata kariya, domin yawansa ya wuce a ce kisa na yau da kullum zai rage shi. Idan za a yi wa 'yan kwamitin adalci, abin da idonsu ya nuna musu ke nan. Masana sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka isa nahiyar Amurka ta Arewa akwai irin wannan tattabara tsakanin biliyan 3 zuwa biliyan 5. John James Audubon, mai zanen tsuntsaye, ya ba da labarin wani garke da ya ci karo da shi a jihar Kentaki a 1813, wanda ya dusashe hasken rana, ya kuma kwashe kwana uku yana wucewa. A 1871 tsuntsayen sun yi sheƙa a tsakiyar jihar Wiskonsin a fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000. Wanda ya tsaya ƙarƙashin irin wannan garke, ka ce masa wata rana ba za a sami ko guda ba, mahaukaci zai ɗauke ka.

Shekara 57 bayan wancan rahoto, ranar 1 ga Satumban 1914, tattabara ta ƙarshe daga wannan jinsi, wadda aka sa wa suna Martha, ta mutu a keji a gidan namun dajin Sinsinati, cikin wannan jiha ta Ohayo da majalisarta ta ce ba a bukatar kariya.

Yadda abin ya faru shi ya fi cancanta a tsaya a kai, domin a nan ne hujjata take. 'Yan asalin nahiyar sun daɗe suna cin wannan tsuntsu, manoma kuma sun yi ta harbinsa don tukunyar gida ba tare da ya ƙare ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne wayar tangaraho da jirgin ƙasa. Da zarar garke ya sauka ya fara sheƙa, labari ya bi waya, mafarautan haya su cika wurin cikin 'yan kwanaki, su shimfiɗa manyan raguna, su ƙona farar wuta ƙarƙashin itatuwa domin hayaƙi ya zubo da tsuntsayen, su zungure 'yan shila daga sheƙa da dogayen sanduna, wani lokaci ma su sare itacen baki ɗaya. Daga nan a danna naman cikin ganguna a ɗora a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin manyan birane. An ruwaito cewa a garin Petoskey na jihar Mishigan, a 1878, an riƙa kashe kimanin tsuntsaye 50,000 a kowace rana har tsawon watanni. Ga shi kuma wannan tattabara ƙwai ɗaya tak take sakawa a sheƙa, galibi kuma cikin babban taro take hayayyafa, sannan ana ta sare dazuzzukan da take samun 'ya'yan itatuwan da take ci. Dokar Lacey ta 1900, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, duk sun amfani wasu tsuntsayen, amma ga wannan ihu ne bayan hari.

Mai farauta don ci yana iya karanta wannan tarihi ya wanke kansa, ya ce kasuwa ce ta yi ɓarnar, tukunyarsa ba ta da hannu. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ganin duk ƙasar da ke son tsuntsayenta su ɗore ya kamata ta sa ido a kan sayar da naman tsuntsun daji fiye da yadda take sa ido a kan cinsa. Ciki yana da iyaka, mutum ba ya cin tattabara hamsin a zama ɗaya, amma aljihu ba ya ƙoshi. Duk da haka ban yarda a tsaya nan ba, domin akwai labari na biyu, na zamaninmu, wanda ke nuna cewa tukunyoyi ƙanana idan suka taru suna iya yin aikin ganga.

Kurciyar Turai, Streptopelia turtur, ƙaramar tsuntsuwa ce da ke hayayyafa a Turai lokacin zafinsu, sannan ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ta yi hunturu a yankin Sahel. Daga 1980 zuwa tsakiyar shekarun 2010 yawanta a Turai ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari, har aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a 2015. Maharba sun daɗe suna cewa ba su ne sanadi ba, kuma ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba: maganin kashe ciyawa da noman zamani sun share ƙananan 'ya'yan ciyayin da take ci, ta yadda kurciyar da a da take ƙyanƙyasa sau biyu ko uku a shekara ta koma yin ƙasa da haka. To amma a daidai wannan lokaci ana harbe kusan miliyan guda a kowace shekara a hanyar ƙaurarta ta yamma, mafi yawa a Sifaniya, kuma masu harbin mutane ne masu lasisi da ke kai abin da suka samu gida. A 2021 Faransa da Sifaniya da Fotugal suka dakatar da harbinta. Cikin shekara biyu ƙidaya ta nuna yawan masu hayayyafa a wannan hanya ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari, ya kuma ci gaba da hawa, har a 2025 aka sake buɗe ƙofa da ƙayyadadden kaso, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na yawan tsuntsayen. Gonakin ba su sauya cikin shekara biyun nan ba, bindigogi ne kawai suka yi shiru. Ban san wata hujja da ta fi wannan bayyana cewa tsuntsun da yunwa ta riga ta raunana, harbin da a da yake iya ɗauka yakan zama abin da ke hana shi tashi ba.

Abin sha'awa kuma, wannan labari bai goyi bayan masu neman a hana farauta har abada ba. An dakata, an ƙirga, tsuntsu ya farfaɗo, an koma da awo. Maharbin da ya haƙura shekara huɗu ya sami abin da jikan mafarautan Petoskey ba zai taɓa samu ba.

Kuskuren da ɓangarorin biyu ke tarayya a kai shi ne yi wa tsuntsayen kuɗin goro. Dangin tattabara da kurciya sun haura jinsi 300, kuma halin da suke ciki ya sha bamban matuƙa. A Birtaniya, inda kurciyar da na ambata ta kusa ɓacewa, akwai babbar tattabarar kurmi mai farin tabo a wuya wadda yawanta ya kai wajen ma'aurata miliyan 5. Ta ƙaru ne tun daga shekarun 1970, lokacin da manoma suka rungumi noman wani ganye mai 'ya'yan mai da ke tsayawa kore a gona duk tsawon hunturu, ya zama ta daina mutuwa da yunwa a watannin sanyi. Dokar ƙasar ta yarda a harbe ta a kowane lokaci na shekara ƙarƙashin lasisi na bai ɗaya, da sharaɗin ana yi ne domin hana mummunar ɓarna ga amfanin gona. Tun a shekarun 1960 binciken masanin tsuntsaye Ronald Murton ya nuna cewa harbin da ake yi mata da hunturu yawanci yana ɗauke waɗanda dama yunwa za ta kashe ne, don haka bai rage yawanta ba. Wanda ya ce a hana cin wannan tsuntsu, bayan manomi zai harbe shi ko an ci ko ba a ci ba, yana neman a binne nama mai kyau ne kawai. A Amurka kuma kurciyarsu ta daji ita ce tsuntsun da aka fi farauta, ana harbe miliyoyi a kowace shekara, amma ta ɗore, saboda tana iya ƙyanƙyasa har sau biyar ko shida a yankuna masu ɗumi, kuma saboda an ɗaure farautar da ƙa'ida: ba a buɗe ta kafin 1 ga Satumba, maharbi ba ya wuce guda 15 a rana, bindigarsa ba ta ɗaukar fiye da harsashi uku, kuma haramun ne a watsa hatsi domin a jawo tsuntsu bakin bindiga. Ƙasar da ta rasa tattabara biliyoyi ita ce ta koyi wannan, kuma ta biya kuɗin karatun da tsada.

Don haka mutumin da ba zai iya bambance jinsi da jinsi a sama ba, kafin ya ja kunama, a ganina bai cancanci lasisi ba tukuna, ko da kuwa ba ya kuskuren saiti.

Akwai wani abu a halittar tattabara da ya sa batun lokacin hayayyafa ya fi nauyi a kanta fiye da tsuntsaye da yawa. Galibinsu ƙwai biyu suke sakawa, namiji da mace kuma suna karɓa-karɓar kwanci, shi da rana ita da dare. Idan 'yan shila suka fito, makafi ne marasa ƙarfi, kuma a kwanakin farko ba sa cin hatsi. Abincinsu wani farin abu ne mai kauri, mai yawan kitse da furotin, da iyayen biyu ke samarwa daga jakar abincin da ke ƙasan wuyansu, su ɗura musu baki da baki. Ba a samun wannan a ƙasa, ba kuma tsuntsun da zai karɓi rainon marayu. Saboda haka wanda ya harbi tattabara a tsakiyar raino, ya ɗauki guda ɗaya ya sa a jaka, sau da yawa ya bar biyu a sheƙa suna mutuwa a hankali, mutuwar da ba ta ƙosar da kowa ba. A nan ne nake rabuwa da tsarin da ke barin a yi harbi duk shekara ba tare da bambanci ba. Na fahimci manomin da garke ya sauka a gonarsa, ba zai jira kalanda ba. Amma wanda ya fito don marmarin nama ba shi da wannan uzuri, tukunya tana iya jira wata biyu ko uku. Haka kuma harbin kurciya a bazara, tana kan hanyar komawa inda za ta yi ƙwai bayan ta tsira daga hamada da teku, kamar yadda al'ummar ƙasar Malta suka zaɓi ci gaba da yi da ƙyar da jiɓin goshi a ƙuri'ar raba gardama ta 2015, cin iri ne kafin shuka.

Ga masu cewa kisan kansa shi ne laifi, ina girmama wanda ya bar nama gaba ɗaya, domin maganarsa da aikinsa sun dace. Wanda kuwa ke cin kazar gidan gona da aka yanka tana da mako shida, ba ta taɓa ganin sararin sama ba, sannan ya ɗaga hanci ga maharbi, ya kamata ya sake duba farantinsa. Tattabarar daji ta yi rayuwarta da fikafikanta har zuwa daƙiƙar ƙarshe. Inda zarginsu ya kama maharba da gaske shi ne tsuntsun da aka raunata ya tashi da ƙwayar harsashi a jiki ya je ya mutu a wani wuri, kuma mafi yawan wannan yana faruwa ne daga harbin nesa, wanda ya zarce mita talatin da 'yan kai, inda ƙwayoyin suka riga suka watse suka rasa ƙarfi. Barin tsuntsun da ya yi nisa ya wuce, da bin wanda ya faɗi har a same shi kafin a sake ɗura bindiga, su ne alamun maharbin da ya san aikinsa.

Sai batun girkin, wanda a ganina shi ne gwajin gaskiyar duk wanda ya ce don ci yake farauta. Naman tattabarar daji baƙi-baƙi ne, domin tsokar ƙirjinta tsokar tashi ce mai aiki kullum, kuma kusan babu kitse a jikinta. Wannan ya sa hanya biyu ce kawai take karɓa. Ko dai a ɗora ƙirjin a wuta mai ƙarfi na 'yan mintoci kaɗan a sauke a bar shi ya huta, ko kuma a dafa tsuntsun gaba ɗaya a rufe, cikin ruwa-ruwa da ɗan kitse, a kan ƙaramar wuta na awa ɗaya da rabi ko fiye, har nama ya saki ƙashi. Duk abin da ya faɗa tsakanin biyun nan yakan fito da tauri da ɗanɗanon hanta, kuma yawancin waɗanda suka ce sun ci tattabarar daji ba ta yi musu daɗi ba, a wannan tsakiyar aka dafa musu. Masu girkin Turai sun fi son ƙirjin da sauran ja a ciki, hukumomin lafiyar abinci kuma suna ba da shawarar naman tsuntsu ya kai zafin digiri 74 a tsakiyarsa. Ni na fi karkata ga doguwar dahuwa, musamman ga tsohon tsuntsu, domin tana warware matsalar tauri da ta lafiya a lokaci guda. Ƙaramin tsuntsu ana gane shi da laushin baki da ƙashin ƙirji mai lanƙwasuwa, shi ne ya dace da gashi. Kafin duk wannan, a zubar da abin da ke cikin jakar wuya, a cire kayan ciki da wuri, a bar naman ya huce a inuwa maimakon a cusa shi da ɗuminsa cikin leda. Tsuntsun da aka tarar ya rame, ko aka ga wani abu rawaya kamar cuku a maƙogwaronsa, ko aka tsince shi yana layi kusa da gonar da aka shuka irin da aka yi wa magani, ba na tukunya ba ne. Tattabarar cikin birni mai kiwo a bola kuwa ba ta cikin wannan zance tun farko.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɗabi'ar da ta yaɗu tsakanin masu harbi da yawa, ta tsaga fata a yanke tsokar ƙirji biyu a jefar da sauran. Suna cewa babu komai a cinyoyin, kuma figa ɓata lokaci ce. Alhali a duk tsuntsayen da ake ci babu mai sauƙin figa kamar tattabara, gashinta kusan da kansa yake zubewa, mintoci kaɗan sun isa. Cinyoyi da fikafikai da ƙashin baya, idan aka soya su sama-sama aka dafa, suna ba da romo mai ƙarfi da kaza ba ta kama ƙafarsa, ga zuciya da hanta da ƙundu. Kuma akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba: wanda ya ɗaure wa kansa cewa duk abin da ya harba sai ya fige ya gyara da hannunsa, ba zai harbi ɗari ba, domin ya san daren da ke jiransa. A lardin Kodoba na Ajantina, inda kurciya ta zama annoba ga gonaki kuma babu ƙayyadadden adadi, baƙi masu kuɗi kan harba harsashi dubu ko fiye a yini guda. Wataƙila yawan tsuntsayen can zai iya ɗauka, ban musa ba, amma wanda ke ƙirga ranarsa da adadin gawa bai kamata ya fake da sunan mai neman abinci ba, kuma duk lokacin da ya yi hakan yana zubar da mutuncin wanda ya harbo shida ya koma gida.

Saura dalma, wadda maharba da yawa ba sa son a taɓo. Ƙwayoyin harsashin dalma ba sa tsayawa yadda suka shiga. Idan suka bugi ƙashi suna farfashewa su bar ɓurɓushin da ido ba ya gani kuma yatsa ba ya ji, don haka tsince ƙwayoyin da aka gani bai tsarkake naman ba. An kuma nuna cewa dafa irin wannan nama da abu mai tsami yana narkar da dalmar ya sauƙaƙa wa jiki shanta, ga shi kuwa jiƙa naman daji cikin tsami domin ya yi laushi dabara ce da masu girki ke yawan yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu su ne suka fi cutuwa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Ƙwayoyin da suka kuskure kuma suna zuba a ƙasa, kurciyoyi da sauran masu cin hatsi su tsince su a matsayin tsakuwar da suke haɗiya don niƙa abinci a ƙundu, shaho da ungulu kuma su ci gawar da aka bari su kwashi rabonsu.

Maharba na cewa ƙwayar ƙarfe ba ta kisa kamar dalma, kuma tana lalata tsofaffin bindigogi. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, gaskiya ne, shi ya sa ake amfani da ƙwaya mafi girma a kuma rage nisan harbi, wanda dama shi ake roƙon su yi. Ga tsohuwar bindiga akwai ƙwayar wani ma'adini da ake kira bismut, mai tsada amma mai laushi. Denmak ta hana harsashin dalma a bindigar tsuntsu tun 1996 kuma har yau ana farauta a can. Jihar Kalifoniya ta hana shi a kowace irin farauta daga Yulin 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023. Tattabara ba tsuntsun fadama ba ce, saboda haka a wurare da dama doka ba ta tilasta wa mai harbinta komai ba tukuna, zaɓi yana hannunsa. Illar da ta rage wa ƙwayar ƙarfe a kan teburi ita ce tana iya fasa haƙori idan aka tauna ta, kuma maganin wannan shi ne a bi ramin da ta shiga da bakin wuƙa, ko a wuce da ɗan maganaɗisu a kan naman kafin a ɗora tukunya.